Kawu Ya San Tsoro

An yi wa Kawuna ƙarya a zaman makokinsa, kuma ban yafe ba. Da ƙaryar ɓatanci ce da na san yadda zan yi da mai ita. Ta yabo ce. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa har zuwa addu'ar bakwai, duk wanda ya zauna a tabarmar ƙofar gidanmu da ke Tudun Wadar Zariya magana ɗaya yake juyawa: "Samanja bai san tsoro ba."

Tagar ɗakina tana kallon rumfar da maza suka zauna, saboda haka da kunnena na ji. Wani tsohon hafsa da ya zo daga Dutsen Abba ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce mutumin nan ya tsaya a saman duniya, ƙanƙara har gwiwa, ko gezau bai yi ba. Mai kemis ɗin bakin titinmu, Inyamuri ne da ya tsufa a unguwar nan, ya yi kuka sosai, yana cewa Baba zaki ne. Ban ga laifinsa ba, ƙauna ce ta sa shi. A cikin gida ma mata sun ɗauka: namijin duniya, sojan da ba ya ja da baya.

Inna, matar Kawu, tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba tana jan carbi. Da maganar ta ishe ta sai ta jawo gefen zanena ta yi ƙasa da murya.

"Wai zaki. Mutumin da in zan taka kujera in sauko da ƙwarya sai ya zo ya riƙe ƙafar kujerar."

Na so in yi dariya, amma ban iya ba, domin a ƙarshen tabarmar mazan ɗana yana zaune, yana gyaɗa kai, yana haɗiye kowace kalma kamar mai shan kunu bayan azumi.

Bari in faɗi abin da ke cina tun yanzu, don ni ba na iya kewaye-kewaye. Ɗana soja ne, Kofur, yana da mata da 'ya ƙarama. An zaɓe shi cikin tawagar sojojin da za su je hawan wani dutse mai ƙanƙara a ƙasar waje, irin tawagar da Kawu ya yi ƙuruciyarsa a cikinta. Kuma ɗan nan yana da fuka. Ta kama shi yana ƙarami, ta kwanta shekara da shekaru har muka manta da ita, shi ya sa ya samu shiga aikin. Bara ta dawo, lokacin da aka kai su wani wuri mai sanyi. Ya ɓoye wa shugabanninsa, ya ɓoye wa likitansu. Mu uku muka sani a duniya: shi da ni da Kawu. Yanzu saura biyu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Da mijina ya rasu shi ya je ya kwaso ni da 'ya'yana ya dawo da mu gidan nan, ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. A lokacin ya riga ya bar aiki. Na san dai an ce yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da aka koya wa hawan dutse da igiya, sun fara a duwatsun Filato, suka je na iyakar Kamaru, daga baya aka riƙa fita da su waje, can inda ruwa ke daskarewa a gora. Na zaci zan zauna da mutum mai ba da labarin bajinta. Sai na tarar da mai duba ƙulli.

Babu igiyar da ta tsira daga hannunsa a gidanmu. Igiyar guga, igiyar shanya, igiyar akuya, har ta ragon layya. Zai tsuguna ya ja, ya juya, ya sake ja. Abin da ya fi ba mu haushi, in shi ya ɗaura da kansa, sai ya kira wani.

"Ke, zo ki duba mini."

"Kawu, akuya ce fa."

"Akuyar ma rai gare ta. Wanda ya ɗaura ba shi ke dubawa ba. Idon mai ƙulli yana son ƙullinsa."

Haka suke yi a tawagarsu, in ji shi. Kafin a ɗaga ƙafa, kowa zai juya ga na kusa da shi ya duba masa abin da ya ɗaura a ƙugu, ko da Manjo ne, ko da kurtu ne zai duba masa.

Yatsunsa biyu na ƙafar hagu babu su. Jikoki suna son su zauna su ƙirga, su ce, "Tsoho, ina ka kai sauran?" Sai ya ce ƙanƙara ce ta fitar da zakka. Ni ce na matsa masa wata rana ya faɗa mini gaskiya. A tafiyarsu ta farko an gargaɗe su kada su cire takalmi a waje. Lokacin salla ya yi. Ga ruwa a daskare ta ko'ina, fari fat har iyakar gani, sai suka ji nauyin a ce sun yi taimama. Suka narkar da ƙanƙara, suka cire takalma da safa, suka yi alwala a cikin iskar nan. Ya ce, "Allah ya ba mu sauƙi, muka ce mun gode, mu maza ne." Ya kalli ƙafar ya yi tsaki.

Sannan gaisuwarsa. Duk Tudun Wada an san ta. In ya ce maka ina kwana ka ce lafiya lau, ba zai wuce ba. Zai tsaya ya kalli leɓenka da ƙwayar idonka, ya ce, "Ta gaisuwa ko ta gaskiya?" Wasu suna ɗaukar abin wasa, wasu su ji haushi. Mai shayin kan kwana yana hango shi zai ɗaga murya, "Samanja, ta gaskiya ce, wallahi, wuce!"

Wannan rubutun da kuke karantawa ma shi ne sanadi. Na haura arba'in ban san harafin boko ko ɗaya ba. Aka buɗe ajin manya a Tudun Jukun, ina so, ina jin kunya, don matan unguwa sun fara cewa tsohuwa za ta je ta zauna da allo. Kawu ya sa hularsa ya ce in biyo shi. Muna isa ƙofar ajin ƙafata ta ƙi.

"Kina jin tsoro?"

"Ina ji."

"Madalla. Wanda ya faɗa ya sauke rabi. Shiga da sauran rabin."

Ya zauna a gindin bishiyar dalbejiya da 'yar rediyonsa har aka tashi. Ya yi ta yin haka har sai da na ce masa ya isa, ana yi mini dariya wai da ɗan rakiya nake zuwa.

Asalin gaisuwar tasa ban sani ba sai wata hantsi da yake sauya igiyar guga a bakin rijiya, ina wanki a gefe. Babu wanda ya tambaye shi. Ya fara kawai, idonsa a kan igiyar.

Ya ce a tafiyar da ya rasa yatsu, suna tanti ɗaya da wani Kofur, sabon ango. A irin wannan dutsen, in ana hawa iska tana raguwa, ka ja numfashi ka ji kamar ka sha romo ba nama. Kowa yana shan wuya, amma akwai wanda jikinsa ke ƙi gaba ɗaya, kuma maganinsa ɗaya ne, a sauko da shi tun da wuri. Saboda haka kowace safiya shugaban tawaga da jagoransu, wani mutumin ƙasar, suna bin tantuna suna tambayar kowa yadda ya tashi. Shi kuwa angon kansa yana sarawa, yana amai a ɓoye, tari ya fara. Amma in an zo kansa sai ya ƙame ya ce lafiya lau. Me zai ce? Wane ɗan mutunci ne babba zai gaishe shi ya amsa da ƙorafi? Ga shi kuma soja. Jagoran bai san mu ba, ya ɗauka in Bahaushe ya ce lafiya lau to lafiyar ce.

Kawu ya gani, ya ce zai faɗa. Angon ya kama hannunsa.

"Saja, don girman Allah ka rufa mini asiri. An yi mini walima a garinmu. In aka mayar da ni daga rabin hanya, da wane ido zan kalli surukaina?"

Kawu ya rufa masa. Har rage masa kaya ya yi ya ƙara a nasa, yana ganin alheri yake yi. Suka ƙara hawa zuwa sansani na gaba. Da gari ya waye numfashin yaron ya koma kamar tukunya tana tafasa. Leɓensa ya yi baƙi, kumfa mai jaja-jaja tana fita a bakinsa. Ruwa ne ya cika masa huhu. Suka naɗe shi a bargo suka ɗauko, suna zamewa, suna faɗuwa, suna tashi. Kawu ne a wajen kansa. Ya ce ya ji lokacin da tafasar ta tsaya, amma bai gaya wa sauran ba sai da suka kai inda za a iya ajiye shi, don yana tsoron in sun ji ƙafafunsu za su saki a kan gangaren.

Ya ja ƙullin gugan ya ce, "Rufin asirin nan da muka gada, a nan ƙasa sutura ne. A can sama likkafani ne."

Na tsaya da sabulu a hannu. Ya miƙo mini igiyar ya ce in duba.

Tun daga wannan tafiyar, in ji shi, bai sake tunkarar dutse ba sai cikinsa ya juya. In zai ɗaura igiya hannunsa rawa yake yi. Kuma ya daina ɓoyewa. A gaban kurata zai ce, "Ni dai tsoro nake ji, wa zai taya ni?" Su yi dariya. Can sai wani ya ce shi ma. Daga nan sai wani ya ce shi kansa ke ciwo. Abin da yake nema ke nan.

Sun sake komawa wani dutsen da ya fi na farko, shekaru bayan haka. A wannan karon abokin igiyarsa amininsa ne, wanda suka shiga soja rana ɗaya, yanzu yana zaune a Hanwa. A kan irin wannan ƙanƙarar akwai tsagogi masu zurfin da ba a ganin ƙarshensu, sai sabuwar ƙanƙara ta rufe bakinsu ka ɗauka hanya ce. Kawu yana gaba yana soka sanda, sai ƙasa ta buɗe da shi. Ya ce bai ma samu yin salati ba. Ya tsinci kansa yana lilo a cikin wani rami mai shuɗin haske, sanyi yana fitowa daga ƙasa kamar numfashin wani abu, yana jin gutsattsarin ƙanƙara suna faɗawa ba ya jin saukarsu. Igiyar da ke ƙugunsa kaɗai ta riƙe shi, ɗaya bakin kuma yana ƙugun amininsa, wanda ya kwanta rub da ciki ya kafa gatarinsa, igiyar tana yanka masa tafin hannu ta cikin safar hannu, bai saki ba har sauran suka zo suka jawo.

'Yan kwanaki bayan wannan, suna gab da ƙoli, aminin ya fara tari. Ya fara tafiya kamar mai maye. Da safe aka tambaye shi, ya ce lafiya lau. Da aka wuce ya buɗe wa Kawu tafin hannunsa, ga sawun igiya bai warke ba.

"Kalli nan. Ban taɓa roƙonka komai ba. Gobe za mu kai. Ka yi shiru."

Kawu ya fita daga tantin ya je ya gaya wa shugaban tawaga.

Aka ce a sauko da mutumin, kuma abokin igiyarsa ne zai raka shi. Sauran suka hau suka kafa tuta, aka ɗauke su hoto. Kawu bai taɓa taka ƙolin dutse mai ƙanƙara ba, ko sau ɗaya. Wanda ya ce ya tsaya a saman duniya bai san shi ba. Abin da ya samo a tafiyar nan suna ne, sojoji suka riƙa kiransa Gidan Rediyo. Aminin kuwa ya yi shekaru ba ya amsa sallamarsa, daga baya ya koma amsawa da baƙar magana. In an kawo wa Kawu gulmar abin da ya faɗa a kansa a wajen karɓar fansho, sai ya yi murmushi.

"Yana raye yana zagina, alhamdu lillahi. Gawa ba ta zagi."

To wannan Kawun ne ɗana ya zo wa da albishir, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Tsakaninsu akwai wasan jika da kaka, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya shigo yana fara'a.

"Tsoho, shirya goron albishir. Zan je in ƙarasa maka abin da tsoro ya hana ka."

"Kai ɗin? Da waɗannan ƙafafun kamar muciya?"

"Su za su taka inda taka ta kasa. Zan kawo maka ƙanƙarar a leda ka jiƙa gari."

Suna dariya, ina tankaɗe a ƙofar ɗaki ina jinsu. Dariyar ce ta tona shi. A ƙarshenta wani siririn fito ya biyo numfashinsa. Ni na san wannan fiton, na yi renonsa. Kawu ya daina dariya.

"Yaya ƙirjin?"

"Lafiya lau."

"Ta gaisuwa ko ta gaskiya?"

Kawu ya sa hannu a aljihun rigar yaron kamar mai wasa, ya zaro abin shaƙar nan na masu fuka. Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta yi haka ba. Jini ya bar ta.

"Likitanku ya sani?"

"In ya sani cire ni za a yi. Ƙila ma a sallame ni daga aikin gaba ɗaya. In ci me? In ciyar da su da me?"

"A can sanyin shiga ƙirji yake kamar wuƙa. Mai huhu lafiyayye ma roƙon iska yake. In ta tashi maka a sama babu mota, babu asibiti, mutane ne za su ɗauko ka a kafaɗa, kuma wani zai iya zamewa saboda kai."

"Kowa da ajalinsa, Tsoho."

"Kada ka koya mini ajali, na ɗauke shi a bargo. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Ɗana ya miƙe, ya ce ashe gaskiyar mutane ne da suka sa masa Gidan Rediyo. Ya fita ko sallama babu. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. Kawu ya ce mini zai ba shi lokaci ya je wajen likitan da ƙafarsa, don ya fi mutunci. Kafin lokacin ya cika Kawu ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. A gadon asibiti in na matso sai ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai rai, ya sake, ya bubbuga ƙirjinsa, ya nuna ƙofa. Masu jinya suka ce ƙirjinsa ke ciwo. Na bar su a haka.

Ranar addu'ar bakwai aminin nan nasa, tsohon Hanwa, ya zo. Bayan an shafa fatiha ya nemi iso ya shigo gaishe da Inna, wani jikansa magidanci yana riƙe da shi. Ya zauna a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri.

"Baba, kai ka san shi fiye da kowa. Kana zaune ana cewa bai san tsoro ba, ana cewa ya kai ƙoli, ba ka ce uffan ba."

"'Yata, a gidan mutuwa ba a rage wa mamaci tsawo."

"Ƙara masa aka yi har ba a gane shi."

Ya murza tafin hannunsa. Can ya ce, "Ya cuce ni, ai. Ina ganin ƙolin nan da idona, kamar daga nan zuwa bakin kasuwa. Da ya yi shiru da yanzu hotona yana bango."

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Da hoton ne kaɗai a gidan. Yaya jikoki, Malam?"

"Tsakar gida ba ta ɗaukarsu."

Yana faɗa ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya samu magana ya ce, "Har yau ban yafe masa ba. Kuma ba ni da kamarsa. Wa zan zaga yanzu?"

Na so a ce ɗana yana wurin. Yana waje yana naɗe tabarmi.

Da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, gari ya ɗauki sanyi, baƙi suka watse. Na zaga bayan ɗaki zan kwashe itace kada ya ƙara jiƙewa, sai na ji fiton. Ɗana ne tsugune a bayan garken awaki, hannu ɗaya a bango, yana matsa abin shaƙar a bakinsa, wuyansa duk jijiyoyi. Sanyin damina ne fa kawai, na Zariya, wanda yara ke wasa a cikinsa tsirara. Na tsaya ina kallonsa, sai na ga bargo, na ga mutane suna zamewa da shi a gangare.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ɓoye abin.

"Lafiya lau nake, Umma."

"Kada ka yi mini wannan a gidan nan."

"Kin ji abin da ake faɗa a kansa yau? Haka ake tuna namiji. Ni me za a ce? Wanda aka cire saboda tari?"

"Abin da ka ji ƙarya ce. Bai kai ƙoli ba. Amai yake yi don tsoro kafin ya hau. Tsohon da ka ga an riƙo ɗazu, da Kawu ya yi shiru da ƙasusuwansa suna can."

"Na sani. Shi ya sa nake so a ce wani a gidan nan ya kai." Ya matso, ya rage murya kamar lokacin da yake yaro in ya yi ɓarna. "Umma, saura gwaji ɗaya mu tashi. Ina shan magani kafin in shiga, ba sa ganewa. Ke kaɗai kika rage. Ki rufa mini asiri."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Uwa ce fa ake roƙo ta rufa wa ɗanta asiri, abin da aka halicce ta don shi. Na ga matarsa, na ga 'yarsa, na ga ranar da zai dawo gida da kayansa a buhu an sallame shi, ya zauna a zaure ba ya kallona. Wannan ma tsoro ne, kuma ba ƙarami ba.

Na ce, "Ka je ka faɗa da bakinka. In gari ya waye ban ji ka kira ni ka ce za ka ba, ni zan je."

Ya yi wata 'yar dariya. "Ke? Bariki?"

Ya ɗauki jakarsa ya koma bakin aiki kafin magariba.

Na sami Yayana, wanda yanzu shi ne babba a gidan, na gaya masa komai. Ya ce in rufa wa kaina asiri. Mace ba ta shiga bariki ta kunyata ɗanta a gaban manyansa, yaron ba zai sake ɗaga kai ba, kuma ni ma ba zai sake kallona da idon rahama ba. Ya ce a yi masa addu'a, a yi sadaka, ajali ko a kan gado yana zuwa. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba. Na shiga wajen Inna, ban ma buɗe baki ba ta ce, "Ni takaba ta ɗaure ni. Ke me ya ɗaure ki?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya fi masa kowane gida faɗi da ɗumi, ya amintar da shi daga tsoron ranar da kowa zai ji tsoro. Masu son zaki su je su nemi nasu. Nawa mutum ne da gwiwarsa ke rawa, ya faɗa, kuma ya dawo da mutane gida suna zaginsa.

Gari ya waye, wayata tana kan tabarmar salla, ba ta yi ƙara ba. Na jira har rana ta fito. Na yafa mayafina na fita bakin titi na tari Keke mai ƙafa uku, na ce bariki. A hanya sau biyu na buɗe baki zan ce wa mai Keken ya juya.

A bakin ƙofa wani soja da bindiga a kafaɗa ya tare ni.

"Mama, ina zuwa?"

"Wajen likitanku."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Ɗana ne ba shi da ita. Yana cikin masu tafiya hawan dutse."

"Sunansa?"

Nan na tsaya. Ɗan farina ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai, haka aka tarbiyyantar da mu. Ko masu irin sunan a unguwa sai dai in ce mai sunan wane. Sojan yana jira, wata mota a bayana tana danna oda.

Na faɗa. Ƙasa-ƙasa na yi maganar, bai ji ba, ya karkato kunne.

Na sake faɗa da ƙarfi, da sunan ubansa, har na cikin motar suka juyo. Ya ɗaga ƙarfen da ya tare hanya, ya nuna mini wani farin gini a hannun dama, na shiga.